Nazarin Lamari: Na'urar Motsa Tsoka da Sauti da Wani Mai Gyaran Rediyo Ya Haɗa wa Mahaifinsa

Wani abokina mai gyaran rediyo da kayan sauti, wanda ya daɗe a sana'ar har ya yaye yara da dama, ya zo mini da wani ƙaramin akwatin roba ya ajiye a kan teburina, ya ce: "Malam, ina so ka taya ni duba wannan kafin in ɗora wa Baba." Mahaifin nasa yana fama da ciwon baya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma an taɓa kai shi sashen gashin ƙashi na wani asibiti, inda aka manna masa wasu faifai a gadon baya aka riƙa sakar masa lantarki kaɗan-kaɗan, ya dawo gida yana cewa ya ji daɗin jikinsa. Ɗan, wanda shi ya raka shi, ya tsaya ya ƙare wa na'urar asibitin kallo, ya yanke a ransa cewa babu wani abu a cikinta da ya fi ƙarfin mutumin da ya yi shekaru yana kwance amfilifaya yana ɗaurawa. Da yake ni malamin fasahar lantarki ne, kuma ina da kayan awon da shi ba ya da su, sai ya ga ya dace aikin ya biyo ta wurina.

Da na buɗe akwatin sai na tarar da abubuwa uku kacal: ƙaramar amfilifaya irin wadda ake sa wa sifikar hannu, batir mai bolt 12, da taransifoma irin ta lasifikar taro wadda ya juya ta baya, wato ya ba ta wuta ta gefen da aka saba ɗaura wa sifika domin ta ɗaga ƙarfin turin ta ɗaya gefen. Daga nan wayoyi biyu suka fito zuwa faifan mannawa guda biyu. Sautin kuwa daga wayar salularsa yake zuwa, ta ramin da ake soka abin sauraro na kunne. Aikin hannunsa ba shi da makusa. Dalmar da ya like wayoyin da ita tana sheƙi, babu waya ko ɗaya da ya bari tsirara, kuma ya ɗaure komai tsaf yadda girgiza ba za ta kwance shi ba.

Tunanin da ya kai shi ga wannan haɗi ba shirme ba ne, kuma ya kamata a ba shi haƙƙinsa. Sautin da ke fita daga waya zuwa sifika lantarki ne mai kai-komo, wanda ke canja alkibla tsakanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa guda, gwargwadon kaurin muryar ko sirantakarta. Jijiyoyin jikin ɗan Adam su ma da lantarki suke isar da saƙo, abin da aka fara ganewa tun lokacin da Luigi Galvani na birnin Bolonya a Italiya ya wallafa bincikensa kan ƙafafun kwaɗi a 1791. Bayan Michael Faraday ya gano a 1831 yadda wani naɗin waya ke haifar da lantarki a cikin wani naɗin da ke kusa da shi, likitoci irin su Duchenne a Faransa suka shiga amfani da wannan dabara suna motsa tsokoki ɗaya bayan ɗaya. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa motsa jijiyoyin taɓawa yana iya rage saƙon zafi da ke wucewa ta lakar baya zuwa ƙwaƙwalwa, kuma a kan wannan bayani ne na'urorin rage zafi masu motsa jijiya da lantarki ta kan fata, waɗanda ake kira TENS, suka yaɗu. Saboda haka mai gyaran rediyon ya yi daidai da ya ce idan aka ɗaga ƙarfin sauti aka kai shi fata, tsoka za ta amsa. Ya ma ga wata fa'ida a ciki, cewa da manhajar samar da sauti zai iya tsara kowace irin siffar lantarki yake so ba tare da ya sake taɓa dalma ba.

Abin da na fara gaya masa shi ne na'urar ba za ta taɓa fatar kowa ba, har da tasa, sai ta gama zama a kan tebur. Ya ce ai ya riga ya ɗan gwada a hannunsa da murya ƙasa-ƙasa kuma bai ji komai ba sai ɗan tsikari. Wannan magana ce ta fi tayar mini da hankali, domin ta nuna cewa abin da ya raba shi da haɗari a ranar bai wuce matsayin da maɓallin ƙara murya yake ba.

Muka samo rizisto, wato ɗan kayan da ke turje wa kwararar lantarki, mai om 500 (om shi ne ma'aunin wannan turjiya) wadda za ta iya jure zafi, muka ɗaura ta a madadin jikin mutum. Ba da ka muka zaɓi wannan adadi ba. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60601-2-10, wadda ta shafi na'urorin motsa jijiya da tsoka, da om 500 take auna abin da na'ura ke fitarwa, saboda busasshiyar fata tana iya yin turjiyar da ta kai dubun dubatan om, amma da zarar ta jiƙe, ko aka manna mata faifai mai danshi, sai turjiyar ta faɗi warwas, abin da ya rage na cikin jiki kuwa 'yan ɗaruruwan om ne kawai. Kafin mu kunna komai na sa shi ya yi lissafin da hannunsa a kan takarda. Amfilifaya irin tasa a kan batir mai bolt 12 tana iya fitar da kusan bolt 8 idan aka ƙure ta. Taransifomar tana ninka turin kusan sau goma, ya zama bolt 80. Idan aka raba 80 da 500 za a sami yawan lantarkin da zai gudana, amfa 0.16, wato miliamfa 160. Ya daɗe yana kallon adadin bai ce komai ba.

Domin a gane nauyin wannan adadi sai an ajiye shi kusa da abin da Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ya auna a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da ya riƙa gwada iyakar lantarkin da mutum zai iya riƙewa ya kuma iya saki da kansa. A lantarki mai juyi 60 a daƙiƙa ya sami matsakaicin miliamfa 16 ga maza da kimanin 10.5 ga mata, kuma abin da ya haura haka yana ƙanƙame tsokar hannu yadda mutum ba zai iya buɗe yatsunsa ba ko da yana so. Mutum yana fara jin lantarki tun daga kusan miliamfa 1, kuma 'yan gomomin miliamfa da suka ratsa ƙirji suna iya rikita bugun zuciya har ta daina tura jini. Akwatin da ke gabanmu yana iya ba da ninki goma na abin da namiji zai iya saki.

Akwai wani abu a cikin lissafin da ya fi komai jan hankalina, kuma shi ne zuciyar lamarin a wurina. Taransifoma mai ninki goma tana sa amfilifaya ta ga nauyin da aka ɗora mata ya ragu sau ɗari, saboda haka om 500 na jikin mutum suna bayyana gare ta a matsayin om 5, wato daidai da sifika ta yau da kullum mai om 4 ko 8. Amfilifayar ba za ta yi zafi fiye da kima ba, ba za ta ƙone fiyus ba, ba za ta nuna alamar wahala ba, za ta ci gaba da zuba wa naman mutum wat goma sha wani abu cikin natsuwa kamar yadda take zuba wa sifika a wurin taro. An ƙera ta ne domin ta yi biyayya ga duk abin da ya shigo mata, kuma duk wata kariyar da aka sa mata ta kare kanta ce da sifikar. Babu wani ɓangare a cikin jerin, daga wayar salula har zuwa taransifoma, da mai ƙera shi ya taɓa tunanin za a ɗaura wa mutum a ƙarshensa.

Da muka kunna muka ɗaga murya, awo ya tabbatar da lissafin kusan daidai, kuma cikin ɗan lokaci rizistar ta yi zafin da ba a iya riƙe ta da yatsa. Na sa shi ya taɓa ta, domin abin da yatsa ya ji ya fi zama a rai fiye da abin da allo ya nuna. Daga nan muka mayar da muryar ƙasa, daidai inda ya ce ya gwada a hannunsa, muka ɗaura osiloskof, wato na'urar da ke zana siffar lantarki a kan allo, muka shiga neman hanyoyin da abin zai iya ɓaci ba tare da kowa ya taɓa maɓalli ba.

Ba mu sha wahalar nema ba. Ina cikin duba allon sai saƙo ya shigo wayarsa, ƙarar sanarwar ta bi ta cikin amfilifayar, zanen ya yi tsalle ya fice daga saman allon, domin a wayoyi da yawa muryar sanarwa da ta kira suna da nasu ma'aunin daban da na kiɗa. Da muka zare filogin sautin daga wayar alhali amfilifayar tana kunne, sai aka sami wata fasa mai ƙarfi ta ɗan ƙiftawar ido, sannan da yatsansa ya taɓa kan filogin sai gurnanin nan da duk mai gyaran kayan sauti ya sani ya cika allon, wanda ba komai ba ne illa juyin wutar gida da jikinsa ya kwaso daga wayoyin ɗakin. Kunna amfilifayar da kashe ta ma kowanne yana zuwa da tasa fasar. A sifika waɗannan abubuwa ƙara ce mai ban haushi da ake mantawa da ita nan take, amma a jikin dattijo da ke kwance rub da ciki, faifai manne a bayansa, kowacce daga cikinsu jan wuta ce da ba a shirya mata ba.

Sai muka zo kan kiɗa, wanda shi ne abin da ya fi burge shi tun farko, domin yana ganin zai yi kyau a ce tsoka tana motsi tare da waƙa. A nan ne na daɗe ina yi masa bayani. Jiki ba ya amsa kowane irin juyi daidai wa daida. Lantarki mai juyi tsakanin kimanin 10 zuwa 'yan ɗaruruwa a daƙiƙa shi ne ya fi kama jijiya da tsoka, har da tsokar zuciya, kuma wutar gida mai juyi 50, ko 60 a Amurka, a tsakiyar wannan yanki take. Idan juyin ya ƙaru zuwa dubbai sai jijiya ta buƙaci lantarki mai yawa kafin ta amsa, kuma tun a shekarun 1890 d'Arsonval a Faransa ya nuna cewa idan juyin ya yi yawa ƙwarai tsoka tana daina motsi gaba ɗaya, zafi kawai ke saura. To, bugun babbar ganga da kaurin jita a cikin kiɗan zamani suna zaune ne daidai wajen juyi 40 zuwa 100, kuma su ne suka fi kowane sauti ƙarfi a cikin waƙar. Wanda ya saita murya a kan sashen waƙa mai laushi, da gangar ta shigo zai sami lantarki mai kama da na soket a jikinsa. Ban da haka, ƙaramar taransifomar tana cika ta ƙoshi a irin wannan juyi na ƙasa, sai siffar ta karkace ta yi tsini, abin da muka gani ƙarara a allon. Muka yi ittifaƙi a ranar cewa kiɗa ya fita daga lissafi.

Idan aka kwatanta da na'urar asibiti za a ga inda bambancin yake. TENS ba ta sakin lantarki a jere. Tana harba gajerun bugu ne, kowanne tsawonsa kimanin kashi 50 zuwa 250 cikin miliyan na daƙiƙa, sau 2 zuwa kusan 150 a daƙiƙa, saboda haka mafi yawan lokaci babu abin da ke ratsa fatar. Sauti mai juyi 50 kuwa kowane rabin juyinsa yana ɗaukar kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa, wato ya ninka bugun TENS mafi tsawo sau arba'in, kuma babu hutu a tsakani. Hanyar da sauti zai fi kusantar aikin likitanci ita ce wadda masu gashin ƙashi suka sani tuntuni: a ɗauki juyi mai yawa a riƙa yanka shi gunduwa-gunduwa, kamar tsarin da Yakov Kots ya yi amfani da shi ga 'yan wasan Tarayyar Sobiyet, mai juyi 2,500 da ake saki kashi 50 a daƙiƙa, ko tsarin Hans Nemec na Ostiriya inda ake haɗa juyi biyu makusanta, misali 4,000 da 4,100, su haifar da bugu 100 a cikin nama. A juyi 2,500 rabin juyi yana ɗaukar kashi 200 cikin miliyan na daƙiƙa, wanda ya faɗa cikin iyakar da jijiyar motsi ke amsawa ba tare da an cika ta da caji ba.

Gyaran ya ɗauke mu makonni, kuma duk abin da muka ƙara na rage ƙarfi ne. Mun sauke ninkin taransifomar, mun sa matatar da ke toshe sautin ƙasa kafin ya isa amfilifaya, mun sa abin da ke datse duk siginar da ta wuce wani ƙayyadadden tsayi a bakin shiga, yadda ko wayar ta yi ihu iyakar ƙarfinta ba za ta wuce wannan rufin ba. Mafi muhimmanci shi ne turjiya mai yawa da muka jera a kan hanyar fita zuwa faifan, wadda aka lissafa ta yadda ko an haɗa wayoyin biyu baki da baki abin da zai gudana ba zai haura miliamfa 10 ba. Ƙa'idar da na dage a kanta ita ce iyakar ƙarfi ta zauna a cikin ƙarfe da waya, inda manhaja ba ta da iko, domin duk iyakar da ke cikin wayar salula sabunta manhaja ɗaya ko kuskuren yatsa ɗaya ya isa ya kawar da ita. Wayar ma muka canja ta da wata tsohuwa marar layi, wadda ba abin da ke cikinta sai sautin gwajin.

Mun yi muhawara sosai a kan caja. Shi yana ganin tunda taransifoma ta raba gefen amfilifaya da gefen fata, babu laifi a bar wayar ko batirin a jone da wuta lokacin aiki. Gaskiya ne taransifomar tana da wani amfani babba, domin ba ta barin lantarki mai tafiya gefe guda ya wuce, kuma irin wannan lantarki ne ke tara sinadari mai tsami a ƙarƙashin faifai ɗaya da mai kaifin toka a ƙarƙashin ɗayan har fata ta ƙone. Amma taransifomar sifika ba a ƙera ta domin ta tsaya tsakanin mutum da wutar gida ba, kuma ba a gwada rufin wayoyinta da wannan niyya ba. Caja da yawa suna yoyon ɗan lantarki ko suna lafiya lau, shi ya sa wani lokaci mutum ke jin ɗan karkarwa a jikin kwamfutar da ke caji. Ƙa'idar IEC 60601-1 ta kayan asibiti ta taƙaita irin wannan yoyo zuwa jikin majinyaci a kan kashi ɗaya cikin goma na miliamfa ga na'urorin da ake mannawa a fata. Idan kuwa caja marar inganci ta lalace ta ciki, wutar soket gaba ɗaya tana iya biyo waya, ta tarar da mutumin da aka riga aka jiƙa masa fata aka manna masa hanya. Daga ƙarshe ya yarda, ya toshe ramin cajin akwatin yadda ba za a iya caji ba sai an ciro batirin waje. Wannan dalili ne kuma ya sa osiloskof ɗina, wanda ke jone da soket, bai sake kusantar na'urar ba a duk lokacin da take jikin mutum.

Gyaran da muka yi ya zo da nasa sabon haɗarin, kuma ban so in ɓoye shi. Turjiya mai yawa a kan hanyar fita tana sa kwararar lantarkin ta tsaya kusan wuri guda ko fata ta bushe ko ta jiƙe, wanda abu ne mai kyau. Sai dai idan faifai ya fara ɓanɓarewa, wannan kwarara ɗin ba ta raguwa sosai, sai ta matse ta bi ta ɗan wurin da ya rage a manne. Faifai mai faɗin santimita 5 da tsawon 5 yana da murabba'in santimita 25, saboda haka miliamfa 10 a kansa bai kai rabin miliamfa a kowane murabba'i ba. Idan ya ɗago ya bar murabba'i 2 kawai a manne, kowane murabba'i zai ɗauki miliamfa 5, alhali ƙa'idar na'urorin motsa jijiya da tsoka ta ce duk abin da ya wuce 2 yana buƙatar kulawa ta musamman. Na'urorin asibiti masu kyau suna lura da wannan su katse da kansu. Tamu ba ta da wannan ido, kuma ƙara mata shi yana nufin a sake ƙera wata na'ura dabam.

Sai bayan duk wannan muka yi gwaji a jiki, sau ɗaya, a kan damtsen hannunsa na ƙasa, shi da yake lafiyayye ba ya da ciwon zuciya. Faifan biyu a hannu ɗaya suke, tazarar 'yan yatsu a tsakaninsu, domin kada lantarki ya sami dalilin ratsa ƙirji. Makunnin da muka sa irin wanda sai an danne shi yake aiki ne, da an saki ya katse, kuma ni na riƙe shi, tunda hannun da lantarki ya ƙanƙame ba a dogara da shi ya saki komai. Muka fara daga sifili muna hawa a hankali, idona a kan ƙaramar mita mai aiki da batir da muka riga muka gwada ta muka san tana karanta irin wannan juyi daidai, domin mitoci masu yawa an yi su ne don wutar gida kuma suna yin ƙarya a juyi na dubbai. Da farko ya ce yana jin kamar kiyashi na tafiya a ƙarƙashin fatar. Da muka ƙara kaɗan sai na ga yatsansa na tsakiya da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa zuwa tafin hannu ba da izininsa ba, jijiyar wuyan hannun ta miƙe ta fito fili, yana kallon hannun kamar na wani. Bayan 'yan mintoci ya ce abin ya ragu, in ƙara masa. Mitar kuwa ba ta nuna raguwar komai ba, jijiyarsa ce ta saba. Na ƙi ƙarawa, na saki makunnin. Da muka ɗaga faifan akwai ɗan ja a fatar wanda ya baje kafin awa guda.

Wannan roƙo nasa na a ƙara shi ya buɗe maganar da ta yanke hukuncin lamarin. Duk tsaron da ya rage a irin wannan na'ura, bayan an gama lissafi, yana rataye ne a kan mutum ya ji zafi ya faɗa. Na tambaye shi lafiyar mahaifinsa dalla-dalla, sai ya ce dattijon yana da ciwon sukari na shekaru, ƙafafunsa sun fara mutuwa har ba ya jin ƙaya idan ya taka, kuma yana shan maganin zuciya. Mutumin da jinsa ya ragu yana iya ƙonewa a ƙarƙashin faifai bai sani ba, kuma rauni a jikin mai ciwon sukari ba ya saurin warkewa. Ko da na'urar asibiti ce, masu gashin ƙashi ba sa ɗora ta a kan wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ba sa sa ta a gaban wuya inda jijiyoyin da ke saita hawan jini suke, ko a kai, ko ta ratsa ƙirji, ko a cikin mai juna biyu, ko a kan fata mai rauni ko wadda ba ta ji, kuma suna taka-tsantsan da mai farfaɗiya da mai matsalar zuciya. Sannan ciwon baya a jikin tsoho yana iya zama alamar wani abu da ke buƙatar bincike, wanda danne zafinsa zai jinkirta gano shi.

Na gaya masa ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba, cewa akwatin nan bai dace da bayan Baba ba, kuma ko bayan gyaran da muka yi ban ɗauke shi a matsayin kayan jinya ga kowa ba. Bai ji daɗi ba, kuma na fahimce shi, domin tausayin mahaifi ne ya sa shi wannan wahala tun daga farko, ga shi kuma ya ga abin yana aiki da idonsa. Ya ce: "Malam, yanzu duk wannan aikin ya tashi a banza ke nan?" Na ce masa ya mayar da dattijon wurin masu gashin ƙashi ya gaya musu batun ƙafafun da maganin zuciyar, idan sun ga TENS ta dace da shi su nuna masa irin wadda aka gwada aka amince da ita, da wurin da za a manna, da tsawon lokacin da za a yi. Haka ya yi.

Akwai gwaji na ƙarshe da na nace mu yi kafin ya tafi da akwatin, wanda masu ƙera kayan asibiti ke yi wa kowace na'ura, wato a ɗauka abu ɗaya ya lalace a ga me zai faru. Muka mayar da rizistar om 500, na ɗauki guntun waya na tsallake turjiyar da ke kan hanyar fita, kamar yadda ɗigon dalma ko danshi zai iya yi wata rana, sai mitar ta haura nan take zuwa ninkin abin da muka ƙayyade sau da yawa, ba tare da wata alama daga waje da za ta nuna wa mai amfani cewa wani abu ya canja ba. Ya raba turjiyar gida biyu, ɗaya a kan kowace waya, domin idan ɗaya ta gaza ɗayar ta rage ɓarnar, sannan ya cire faifan mannawar gaba ɗaya ya like rizistar gwajin a gurbinsu da dalma. Yanzu akwatin yana kan kantar shagonsa, yana nuna wa yaransa da shi yadda taransifoma ke ninka turi, kuma yakan sa kowane sabon yaro ya yi lissafin 80 a raba da 500 kafin ya bar shi ya taɓa akwatin.